Madubin Ɗakin Malam

Ranar da ta shigo shagonsa, yana tsakiyar yankan gilashi. Ta yi sallama, ya ɗago kai, sai yankan ya kauce.

"Ka ga na ja maka asara," in ji ta tana dariya. "Madubin bango nake so, na ɗakin Baba."

Da ta kwatanta gidan, sai ransa ya ɓaci. Gidan malaminsu ne na firamare, wanda ya taɓa tsayar da shi gaban aji ya ce, "Ku kalli Daƙiƙi." Sunan ya bi shi har ya bar makaranta. Da shi unguwa ke kiransa, shi ma in ya yi kuskure haka yake kiran kansa.

Ya shiga ciki ya zaɓo gilashi mai lahani, irin mai ɗan karkata baki yadda mutum ba zai zargi madubin ba. Ya naɗe shi a kwali ya miƙa mata.

Abin da bai shirya masa ba, ita ce. Ta karɓi lambarsa, hira ta yi nisa. Tana ce masa Mai Haske, yana ce mata Tauraruwa. Amma da kawunsa ya je nema masa aurenta, Malam ya ce, "Daƙiƙi? 'Yar tawa?"

"Ci gaba da kallon fuskarka," in ji mai gilashin a ransa da labarin ya iso masa, har da murmushi.

Wata safiya saƙonta ya shigo: "Baba ya daina fita. Wai bakinsa ya karkace. Likita ya ce lafiyarsa lau, mu ma mun faɗa, ya ce tausayinsa muke ji. Yau na shiga shara na dubi madubin. Ka sani?"

"Na sani, Tauraruwa. Ni ma tun ina yaro a madubin da babanki ya ba ni nake kallon kaina."

"To kun yi kunnen doki. Ni fa? Wa zan aura a cikinku, Daƙiƙi ko Mai Haske?"

Fansar ta yi masa daɗi, bai musa ba. Sai dai Daƙiƙi ne ya ɗauki fansar, ba Mai Haske ba.

Da yamma ya je gidan Malam, ya sauke tsohon madubin da hannunsa, ya rataye sabo. Malam ya matso yana shafa bakinsa, ga shi daidai.

"Da gangan ka yi?"

"Da gangan, Malam. 'Yan watanni kawai ka yarda da shi. Ni shekaru na yi."

Tsohon ya dubi fuskokinsu biyu a gilashin.

"Yaro, mene ne sunanka na gaskiya?"

Ya faɗa masa.

Ranar ɗaurin aure, Malam ne ya miƙe gaban jama'ar unguwa ya kira sunan da ƙarfi, ya sake kira don na baya su ji.

"Allah ya yi muku albarka, kai da ita."

Jama'a suka amsa da amin, ango ya fi kowa ɗaga murya.