Mayafi a Kan Madubi

Tun safe Vukota ke fama da kwane-kwanen tsaunukan Durmitor, matarsa Zorka na naƙuda a bayan motar kayansa. Hazo ya ɓatar da shi. Sai ga tsohuwa cikin baƙaƙen kaya a bakin hanya.

"Inna, don Allah ina hanyar asibiti?"

"Buɗe in nuna maka."

Ta shigo tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duk sanyin nan, bakinta ba ya tururi. Ta cire mayafinta ta rufe madubin motar, kamar yadda ake yi a gidan rasuwa a ƙasarsu.

"Inna, ai ba wanda ya mutu."

"Rage gudu, ɗana. Saurin me kuma?"

Ya kira Zorka, ya sake kira. Tsohuwar ce kawai ta juyo.