Waƙar Ƙarshe da Mahadi Ya Saurara

Da hantsi aka kira caji ofis ɗin Malumfashi, aka ce an tsinci gawa a bakin rafi, bayan wani ƙauye da ake kira Rafin Ɗinya, a yankin Dayi.

Sufeto Maiwada ya tarar motar sintiri ba mai. Saje Ayobami, haifaffen Funtua wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da Yarbanci, shi ya ɗauke shi a babur.

Masara ta nuna a gonaki hagu da dama, amma ba kowa a ciki. Tun damina 'yan bindiga suka zauna a dajin da ke yamma da ƙauyen.

Gawar na kwance rubda ciki, an lulluɓe ta da zane. Saurayi ne, bai kai talatin ba.

"Wane ne?" in ji Sufeto.

"Mahadi ne, ɗan marigayi Malam Sani," mai unguwa ya amsa. "Ya yi karatun kwamfuta, bai sami aiki ba, ya dawo noma. Jiya ya fita gona bai dawo ba. Yallaɓai, aikin mutanen daji ne. A ba mu shi mu kai shi makwancinsa."

Sufeto ya durƙusa. Ba raunin harsashi. Ƙeya aka fasa da wani ƙarfe. Ya laluba aljihun rigar, babu waya. Sai iyafis na saƙalawa a kunne, an naɗe igiyarsa tsaf an ɗaure.

"Ina gonarsa?"

"Can gabas, kusa da titi. Fartanyarsa ma na can."

Sufeto ya nuna wa Saje iyafis ɗin. "Wanda 'yan bindiga suka faɗo wa ba ya tsayawa naɗe wannan. Da kansa ya cire, hankalinsa kwance."

Mai unguwa ya kau da kai.

A gidan rasuwa, babban wan mamacin ne ke karɓar gaisuwa. Ummaru sunansa, mai a-kori-kurar da ke kai hatsi kasuwanni. Idanunsa sun yi ja.

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

"Shekaranjiya da daddare. Jiya tun asuba na kai mota gareji a Funtua, ban dawo ba sai bayan isha."

"Yana da abokin faɗa?"

"Mahadi? Kullum kunnensa a toshe da waƙa. Da wa zai yi faɗa?"

Suna shirin hawa babur wata budurwa ta fito daga zaure cikin dogon hijabi, ta tsaya nesa kaɗan.

"Yallaɓai, ni ce Raudatu, ƙanwarsa. Ina karatun jinya a Funtua. Akwai abin da nake so ka gani, ban sani ba ko zai yi amfani."

Ta buɗe wayarta. Wani zane ya bayyana, layuka a tsaye kamar karan dawa, wasu dogaye, wasu gajeru, launi daban-daban.

"Yaya Mahadi ne ya haɗa wannan. Duk waƙar da ya kunna a wayarsa, manhajar na aika sunanta da lokacin da ya ji ta zuwa intanet. Shi kuma sai ya mayar da su zane. Kowane layi kwana ɗaya ne. Tsawonsa shi ne yawan abin da ya saurara. Ya ba ni lambar sirrin, wai in ina kewarsa in duba in ga yadda ya wuni."

"To launukan fa?"

"Kore, da iyafis ya ji. Shuɗi, da 'yar sifikar ɗakinsa."

Sufeto ya ja zanen da yatsa zuwa baya. Da farkon damina layukan dogaye ne, waƙoƙin noma masu ganga da waƙoƙin biki. Daga tsakiyar damina suka fara gajarta. A makonnin ƙarshe kusan waƙa ɗaya ce yake maimaitawa, wata ta begen iyaye.

"Me ya same shi a nan?"

"Na tambaye shi. Ya ce gajiya ce."

Ya dawo kan layin ƙarshe, na jiya. Kore ne tun safe. Bayan la'asar ya koma ja na ɗan lokaci, daga nan ya yanke.

"Ja kuma mene ne?"

Raudatu ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba."

Sufeto ya sake ja baya. Jan ya sha fitowa a da, duk ranar kasuwa, safe da yamma. Ya ɓace a daidai makon da layukan suka fara gajarta, bai sake dawowa ba sai jiya.

Ya taɓa wurin jan. Wani ɗan rubutu ya fito: Pius Kurciya.

"Kin san wannan sunan?"

"A'a, Yallaɓai." Ta karɓe wayar da sauri, ta cusa cikin hijabi.

A hanya Saje ya ce, "Oga, yarinyar nan ta san abin da ja ke nufi."

"Ta sani. Amma duk da haka ta nuna mana. Wane Pius ne ke harkar waya a nan?"

"Akwai ɗaya a bakin tashar Malumfashi."

Shagon Pius ɗan ƙarami ne, cike da caja da gilasan waya. A garin aka haife shi, a nan ya gaji shagon ubansa. Da ya ga kaki sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Mene ne Pius Kurciya?"

"Ban taɓa ji ba, Oga."

Saje ya miƙa hannu ya ɗauko wani ɗan akwati daga kanta. An rubuta a jikinsa da biro: Pius Hazbiya. Na kusa da shi, Pius Balbela.

Pius ya share gumi. "To, na'urar bulutut ce ta mota. Ana soka ta a wurin caji, waya ta riƙa kiɗa ta rediyon mota. Duk sunansu ɗaya daga kamfani, direbobi na ta shiga na juna a tasha. Shi ya sa nake sa wa kowacce sunan tsuntsu."

"Waya za ta iya shiga na'urar da ba ta taɓa sani ba?"

"Da kanta? A'a. Sai wadda aka taɓa haɗa su. In an taɓa, da ka shiga motar kiɗan zai koma can."

"Wa ka sayar wa Kurciya?"

"Na manta."

"Pius, an fasa wa yaro kai."

Ya leƙa waje, ya rage murya. "Oga, ina da mata da yara a garin nan. In aka ji daga bakina ya fito, na shiga uku. Ummaru ne, na Rafin Ɗinya. Mahadi ne ma ya zaɓi sunan. Yau da sassafe Ummaru ya zo nan, ya tambaye ni, in waya ta faɗa ruwa, hotunan ciki sun tafi ke nan? Na ce eh. Bai tambaye ni batun waƙa ba."

"Hotunan me?"

"Kowa a tashar nan ya san abin da ke ƙarƙashin buhunan hatsinsa. Ba wanda zai faɗa maka."

Sufeto ya shiga wurin DPO ya yi bayani. DPO ya saurara yana murza goshi.

"Maiwada, in ka rubuta 'yan bindiga, ba mai tambayar ka. In ka taɓa wannan mutumin, ka san abin da zai biyo baya? Mutum nawa gare ni da zan ajiye a ƙauyen?"

"Ba ko ɗaya, Yallaɓai."

"To."

"Amma kisa ne."

DPO ya tura masa makullin motarsa. "Ka dawo kafin magariba."

A-kori-kurar Ummaru na ƙarƙashin wata ɗorawa a bayan gida. An wanke ta fes, har cikin bodi. Sufeto ya sa aka kira shi daga wurin zaman makoki.

"Ka ce jiya motar nan na gareji a Funtua?"

"Haka ne."

"Wane gareji? Mu kira makanikin."

"Ba shi da waya."

"To kunna ta."

Ummaru ya shiga, ya murza makulli. Wata 'yar fitila shuɗiya ta kama a wurin caji. Saje ya buɗe wayarsa, ya jira, ya juya ta ya nuna masa. Pius Kurciya.

"Jiya bayan la'asar wayar ƙanenka ta shiga na'urar nan," in ji Sufeto. "Yana gonarsa a bakin titi, ka tsaya, ya cire iyafis ya naɗe, ya shigo. Waƙar da yake ji ta koma rediyonka. Har yanzu tana rubuce, wayarsa ta riga ta aika kafin ka jefa ta a rafi."

Ummaru ya kashe motar. Ya ɗora goshinsa a kan sitiyari.

"Waƙar iyaye ce," ya ce a hankali. "Ita ce ta tashi da ya shigo. Na ce ya kashe, ya ƙi."

"Faɗa mini daga farko."

"Da tsakiyar damina mutanen daji suka tare ni a hanya. Suka ce in dai Rafin Ɗinya na son shiga gona, in riƙa kawo musu mai da burodi da ƙwayoyi. In na ƙi, su ƙone garin. Na gaya wa dattawa, kowa ya yi shiru. Shirun nan shi ne amsa. Na fara kaiwa."

"Mahadi fa?"

"Yana raka ni kasuwa a da. Wata rana ya ɗaga buhu ya ga jarkoki. Daga ranar bai sake shiga motata ba. Da aka kwashe mata a ƙauyen da ke gabanmu, ya ce da man da na kai aka je. Ya ɗauki hotuna. Ya ce in ban daina ba zai kai wa 'yan sa-kai."

"Sai ka kashe shi."

"Wallahi lallashi na je yi. Na kai shi bakin rafi don kada a ji mu. Na ce, Mahadi, 'yan sa-kai yanka ni za su yi a gaban Inna, mutanen daji kuma su zo su gama da sauran. Ya ce ya gwammace haka da cin tuwon da aka saya da 'ya'yan wasu. Ya sauka, ya kama hanya. Ƙarfen kwance taya na kusa da ƙafata." Ya dubi hannuwansa. "Sau ɗaya ne. Ni na goya yaron nan, Yallaɓai. Ni na biya masa makaranta."

Saje ya buɗe ƙofar, ya sa masa ankwa.

Kafin su zagayo gaban gida, labari ya riga su. Masu zaman makoki sun miƙe daga tabarmi. Ba wanda ya zagi Ummaru. Sufeto suke kallo.

Mai unguwa ya matso. "Yallaɓai, gobe ne ranar da yake kai wa mutanen daji kaya. Wa zai je?"

"Zan rubuta rahoto yau, a turo jami'ai."

"Yaushe za su zo?"

Sufeto ya juya wajen mota.

Wata tsohuwa ta fito daga cikin gida, ba takalmi. Inna Shafa'atu ce, mahaifiyarsu. Ta dubi ankwar, ta dubi fuskar ɗanta.

"Ummaru, kai ne?"

"Ni ne, Inna."

Ba ta yi kuka ba. Ta juya ga Raudatu da ke raɓe a jikin zaure.

"An ce a wayarki suka gani."

"Inna, Yaya Mahadi..."

"Da safe ɗa ɗaya na rasa," in ji tsohuwar. Ta koma ciki, ta saki labule.

Raudatu ta zame ta zauna a ƙasa. Matan da ke wurin ba wadda ta je kusa da ita.

Aka saka Ummaru a bayan mota. Da Sufeto ya zauna, ya ji muryarsa daga baya.

"Yallaɓai, ka ce musu kada su kwana a garin."

Ba sai an faɗa musu ba. Kafin motar ta kai titi, an fara fito da katifu da tukwane ana ɗaurawa a amalanke. Wani tsoho na jan akuya biyu, jikarsa na biye da buhu a ka. Sun nufi Malumfashi a ƙafa, ta tsakanin gonakin masarar da ba wanda zai girbe.

Saje ya rage gudu don kada ya buɗe su da ƙura.

"Oga, me za mu rubuta a fayil?"

Sufeto Maiwada ya dubi jerin mutanen ta madubi.

"Rubuta an kama wanda ya yi."