Mai Aikin Ita Za Ta Je Katsina

Sharfaddeen ya fara ganin Khairat ne ranar da aka buɗe wa 'yan ajinsu ɗakin kwamfuta, a wata babbar makarantar kimiyya da fasaha da ke Daura. Su sittin da uku ne a ajin, mata huɗu kacal, kwamfutocin da ke aiki kuma ashirin. Kafin malami ya gama zare kwaɗo samari sun danna ciki, kowa ya kama kujera. Mata uku suka raɓe a jikin bango, littattafansu a hannu. Ta huɗun, wata doguwa mai hijabi ruwan toka, ta wuce kai tsaye ta tsaya a gefen Sharfaddeen.

Shi ɗan cikin gari ne, gidansu ba nisa da Kusugu, kuma shi aka zaɓa shugaban aji. Da ya ɗago ya gan ta, sai abin da yake bugawa ya ɓace masa. Cikin ladabi ya ce ta kawo littafinta ya yi mata aikin.

"Na gode, Malam," in ji ta. "Ban taso daga garinmu Babban Mutum don a yi mini ba. In ka gama naka, ka tashi in yi nawa."

Bai gama ba, amma ya tashi. Kafin ta fara nata sai da ta nuna masa alama ɗaya da ya manta a layi na bakwai, wadda ya daɗe yana nema.

Washegari ta tare shi a ƙofar aji da takarda. Ta raba ajin gida uku bisa lambar rajista, kowane rukuni da lokacinsa, yadda ba wanda zai sami kwamfuta don ya fi wani ƙarfin ƙafaɗa. Tare suka kai wa Malama Hajo, mace ɗaya tilo cikin malaman sashen, ita kuma ta tsaya sai da aka amince. Samari sun yi gunaguni na mako biyu suka haƙura. Ɗaya daga cikin matan, wadda har ta karɓi fom ɗin canja sashe, ta yaga shi.

Tun daga nan Sharfaddeen ya rasa sukuni. Ya fara da tambayoyin karatu, har da waɗanda ya san amsarsu. Khairat ta gane, ta ƙyale shi. Sai da aka ci rabin zango na biyu ya yi ta maza ya tura mata saƙo:

"Assalamu alaiki, Injiniyata. Na duba zuciyata layi bayan layi ban ga inda za a gyara ba. Ke take so, kuma aure nake nufi. In kin ba ni izini, zan nemi sanin gidanku."

Ta yini ba ta ba da amsa ba. Bayan la'asar ta rubuto:

"Wa'alaika salam, Deen. Ni ma ban ƙi ka ba. Amma ka sani tun yanzu, karatu ya kawo ni Daura, kuma ba zan ajiye shi don kowa ba. In ka ji ka gani, bismillah."

Ya karanta saƙon ya fi sau goma, yana murmushi shi kaɗai a shagon yadin mahaifinsa.

A shekara ta biyu aka raba su rukuni-rukuni don aikin kammalawa. Su biyun suka faɗa tare da Sama'ila, wani mai kaifin baki da ya taɓa neman Khairat ta ba shi haƙuri. Ita ta kawo shawarar abin da za su yi. Mahaifinta, Malam Badaru, manomi ne mai kiwo, kuma ya taɓa rasa tumaki tara a damina ɗaya saboda masu allurar rigakafi sun zo gari sun tafi bai sani ba. Ta ce su haɗa manhajar da za ta riƙa kiran makiyaya a waya, ko da ƙaramar waya ce, ta faɗa musu da Hausa ranar allura da wurin da za a yi. Ita ta rubuta kusan duka, muryarta aka naɗa, a garinsu aka gwada.

Aikin ya yi kyau har aka zaɓe shi zuwa gasar ɗalibai a Katsina, inda mutum biyu za su gabatar. Sama'ila ya cike fom da sunansa da na Sharfaddeen. Ya ce ai mace ba za a bar ta ta yi tafiyar kwana biyu ba, gara kada a sa ta jin kunyar tambaya a gida. Sharfaddeen ya ga kamar sauƙi za a yi mata, ya sa hannu.

A allon sanarwa Khairat ta ga sunayen. Ba ta yi faɗa ba. Ta same shi a gindin bishiyar dalbejiya da ke bayan sashen, ta tambaye shi ko hannunsa ne a takardar. Ya amsa, ya fara bayanin cewa don kada ta wahala ne.

"Ka tambaye ni?" ta ce. "Sama'ila bai ba ni mamaki ba. Kai da ka zauna ka ga yadda na yi aikin nan, kai ne ka yanke cewa ba zan iya zuwa ba. In haka za ka riƙa tausaya mini a gidanka, gara mu tsaya nan."

Kwana huɗu ba ta ɗauki wayarsa ba. Shi ma ya daina kira, don ya gane ba daɗin baki ne zai gyara ba. Ranar Litinin ya shiga ofishin Malama Hajo ya faɗi gaskiya, ya ce a cire sunansa. Malama ta kira su ukun, ta buɗe manhajar, ta ce kowa ya yi bayanin yadda take zaɓar wanda za ta kira. Sama'ila ya yi ta kewaye-kewaye. Khairat ta yi bayani a minti biyar. Aka sa sunanta a farko, Malama ta ce ita da kanta za ta raka ta. Da Khairat ta kira gida, Malam Badaru cewa ya yi me take jira.

Da yamma saƙon Sharfaddeen ya shigo:

"Hasken idona, na yi kuskure, kuma ba Sama'ila ne ya riƙe mini hannu ba. Ba zan sake yanke miki hukunci a bayan idonki ba. Ki je Katsina ki nuna musu. Ki yafe mini."

Ta amsa: "Na yafe, Deen ɗina. Ka yi mini addu'a, gabana sai faɗuwa yake."

Suka zo na biyu cikin makarantu goma sha ɗaya. Alƙalan gasar sun fi jefa tambayoyinsu ga Sama'ila, shi kuma da ya ga ruwa ya ƙare masa, sai ya riƙa nuna ta yana cewa ga mai aikin nan.

Sai dai maganar aure ta ci karo da gida biyu. Hajiya Maiturare, mahaifiyar Sharfaddeen, ta ce yarinyar da ta saba yini cikin maza tana danna na'ura ba za ta zaunu a gida ba, ga 'yan mata nan cike da unguwa. Malam Badaru kuwa ya karɓi kawun Sharfaddeen hannu bibbiyu, ya sa aka dama musu fura, sannan ya ce a'a. Babbar 'yarsa Ikilima tana shekara ta biyu a makarantar koyon jinya ya aurar da ita bisa alkawarin za ta ci gaba, yau shekara shida ba ta sake taka aji ba. Ya ce ba zai maimaita ba.

Sharfaddeen bai karaya ba. Ya hau babur ya koma Babban Mutum shi kaɗai, ya sami tsohon a gona ana yankan gero. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce bai zo da rantsuwa ba, ya zo ya ji sharaɗi.

Malam Badaru ya dube shi ya ce: "Sai na ga takardar shigarta babbar difiloma a hannuna. Kuma a gaban shaidu za ka faɗa, ranar ɗaurin aure, cewa za ta gama karatun ta yi aiki da shi."

"Na yarda, Baba."

"Shekara guda ce fa, ko fiye."

"Zan jira, Baba."

Hajiya ta fi wuya. Khairat ce ta ce a kai ta ta gaishe ta. Ta je da ƙawarta, ta zauna a ƙasa, Hajiya ta tambaye ta kai tsaye wa zai riƙe gida in tana yawon ofis. Khairat ta sunkuyar da kai ta ce tun tana 'yar shekara goma take girki wa mutum goma sha biyu, kuma ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ta ce ba za ta yi wa Hajiya ƙaryar za ta bar karatu don a so ta ba, amma ba za ta taɓa wulaƙanta ɗanta ko ita ba. Hajiya ta sallame su. Bayan sun tafi ta ce wa ɗanta har yanzu tsarin bai kwanta mata ba, amma yarinyar ba ta da munafunci, kuma da mai gaskiya ana iya zama. Ta sa albarka.

Takardar ta fito bayan wata goma sha huɗu. Aka ɗaura aure ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidan Malam Badaru. Bayan an shafa fatiha Sharfaddeen ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi alkawarinsa, liman ya ce kowa ya shaida. A cikin gida Ikilima ta rungume ƙanwarta tana hawaye, ta raɗa mata cewa ita ma ta sayi fom ɗin komawa makaranta, mijinta ya amince.

Da za a tafi da amarya Daura, aka kawo ta gaban mahaifinta. Ya dafa kanta.

"Ki bi mijinki, ki girmama uwarsa kamar taki. Ranar da aka koma makaranta kuma ki kira ni daga can, ina so in ji hayaniyar ɗalibai a bayanki. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa, mota ta tashi. Ba su kai bakin gari ba wayarta ta yi ƙara a cikin mayafi.

"Amaryata, ranar sha biyu ga wata za a koma. Ni zan kai ki."