Motar Luka, Sifanar Baba

"Ni fa na gaya miki, Liatu, babu maganar biki sai motar nan ta dawo!"

Liatu ta dubi Luka kamar yau ta fara ganinsa. Suna tsaye a gindin mangwaron da ke bayan majami'ar Gozaki, an tashi daga sujada ke nan, mata na wucewa suna satar kallonsu.

"Sake faɗa in ji, Malam Luka."

"Ai kin ji. Na yi alkawari a gaban abokaina a Funtua cewa a cikinta zan ɗauko amaryata. So kike a mai da ni abin dariya?"

"To ka aure ta mana! Ja ce, kyakkyawa, kuma ba ta da uban da zai ɓata maka rai!"

"Liatu..."

"Kada ka kira sunana!"

Motar da ake wannan rigima a kanta, sati uku kacal ta yi tana tafiya da ƙafarta. Luka malamin gona ne a Funtua, yaro mai hankali, in ka cire haukan mota da ke kansa tun yana ƙarami. A shekarar 1978, da Allah ya hore masa, bai sayi irin motar da mutane ke saye ba, wadda za ta ɗauki buhun masara da gwaggo uku. Kaduna ya tafi ya ɗauko wata 'yar mitsitsiya sabuwa dal, irin ta tsere, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. In ya taka ta a hanyar Malumfashi, kafin ka ce wa ke nan ya ɓace.

Wata Asabar ya zo da ita gaida iyayen Liatu. Daidai ƙofar gidan ta fara wani ƙwas-ƙwas, wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari, ta yi tari sau biyu ta mutu murus.

Shi kuwa Baba Enoch, mahaifin Liatu, shi ne mai injin niƙan Gozaki. Shekara ashirin ke nan tun da ya koyi riƙon sifana a wurin Turawan mishan, kuma daga nan har Kafur babu babur, babu famfo, babu tarakta da ba ta san hannunsa ba. Yana jin ƙarar ya fito yana kakkaɓe gari daga rigarsa, fuskarsa cike da murna.

"Liatu, ɗauko mini akwatin sifanu."

Luka na tsugune, takalmansa a gefe, kansa a ƙasa, kamar yadda ya kamaci mai neman 'yar mutane. A aljihunsa kuwa akwai takardar garanti, wadda ta ce kamfani zai gyara motar kyauta har shekara guda, muddin wani hannu bai taɓa injin ba. Don haka ma suka ɗiga rawayan fenti a kan kowane noti, wanda duk aka murɗa sai fentin ya fashe.

Yana kallo sifana ta hau noti na farko. Zufa ta keto masa. To me zai ce? Ya dubi surukinsa a gaban rabin unguwa ya ce kada ka taɓa? Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, abin da ya fito shi ne:

"Sannu da aiki, Baba."

Sau uku ya faɗa kafin a gama kwance kan injin. Baba ya leƙa, ya shafa, ya shinshina, ya mayar ya ɗaure, ya ce ciwon ya fi ƙarfin Gozaki, a kai ta inda aka sayo. A bayan motar auduga ta koma Kaduna.

Can kuwa, kallo ɗaya mutanen kamfanin suka yi wa fentin suka ce garanti ta mutu. Sati bakwai Luka na zarya. Yau a ce ya dawo Litinin, Litinin a ce manaja ya tafi Legas, in manaja ya dawo a ce mai makullin ofis ne ba ya nan. Ya rame, ya daina dariya, ya daina zuwa gaisuwa gidan su Liatu. Shi kuma Baba, bawan Allah, bai san wainar da ake toyawa ba. Duk macen da ta kawo niƙa sai ta sha labarin yadda ya buɗe cikin motar tsere ta Turawa.

Wannan ne ya kawo su gindin mangwaro, kowa ya cika ya yi fam.

"Babanki ne ya kashe mini mota!" in ji Luka.

"Kai kuma kana tsugune kana yi masa sannu da aiki!"

"Ke da kika ɗauko akwatin fa?"

"Na san da wata takarda ne? Ka gaya mini? Ai sai labarin gudunta kake cika mini kunne da shi!"

Luka ya share fuska da tafin hannu. Muryarsa ta sauka.

"Abar ƙaunata, saurara. Maitama, shugaban kanikawansu, ya ce hanya ɗaya ta rage. Wanda ya kwance injin ya zo da kansa gaban manaja, ya faɗi abin da ya taɓa da abin da ya gani. Watakila su duba."

"To ka gaya masa."

"Ni? In dubi idon Baba in ce masa..."

"Au, ni ce mai iyawa ke nan?"

Ya hau wasa da makullin motar da babu. Nan Liatu ta gane dalilin zuwansa sujada Gozaki yau. Kunyar da ta hana shi magana ran nan, ita ya ɗauko ya ɗora mata a ka.

"Wallahi ba ka kyauta mini ba, Luka. Ka sa ni tsakanin ubana da kai."

Ta juya ta tafi, ba ta ko waiwayo ba.

Kwana uku tana juya maganar. In ta yi shiru, bikin da aka sa sati biyu kafin Kirsimeti ya tashi, kuma ta san irin wannan ɗagawa, daga wata ɗaya sai a ji shekara. In ta faɗa, ta karya zuciyar mutumin da bai mallaki abin alfahari ba sai hannuwansa. Tana son Luka har cikin ranta, tana kuma jin haushinsa kamar ta shaƙe shi.

Ran Laraba da rana ta kai wa Baba abinci shagon niƙa. Yana ganinta ya rage wa injin murya.

"Uwata, yaron nan ya daina zuwa gaishe mu. Ko kun yi faɗa ne?"

"A'a, Baba."

"To motar fa? Har yanzu? Kai, mutanen birni da jan aiki! Da a hannuna take..."

"Baba..." Muryarta ta karye. "Sun ce ba za su gyara ba."

"Don me?"

"Don an kwance ta."

"An kwance ta? Ai ni na..."

Bai ƙarasa ba. Ya miƙa hannu ya kashe injin gaba ɗaya. Shirun da ya biyo baya, Liatu ba ta taɓa jin irinsa a shagon nan ba. Cikin kuka ta faɗa masa komai, takardar, fentin, zaryar Kaduna, har da maganar ɗaga biki.

Baba ya daɗe yana kallon tafukan hannunsa, sun yi fari fat da garin dawa.

"Yana sane, kuma yana tsugune yana yi mini sannu?"

"Kunya ce, Baba."

"Ni kuma ina ta yawo da baki a gari..." Ya girgiza kai. "Kaico, Enoch. Da girmanka."

"Baba, don Allah kada ka..."

"Yi shiru, uwata. Ke ba ki yi laifi ba. Aika masa, jibi mu tafi Kaduna."

Ya fita ya ba matan da ke layi haƙuri, ya mayar wa kowace da kwaryarta, ya rufe shago da tsakar rana. Tun da aka kafa injin bai taɓa yin haka ba.

Ran Juma'a suka hau mota a tashar Funtua su uku. Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa sujada. Luka ya gaishe shi a tsugune, ya lallaɓa can kujerar baya ya takure, har Kaduna bai ɗago kai ba. Liatu kuwa ko kallon inda yake ba ta yi ba.

Motar na can ƙuryar garejin kamfanin, ƙura ta mai da janta ruwan ƙasa. Awa biyu suka yi a kan benci kafin manaja ya ga dama ya fito, Maitama na biye da shi cikin kayan aiki masu maiƙo.

Maitama ya dubi Baba sama da ƙasa.

"Dattijo, kai ne ka yi mana wannan ɓarnar? Ka ɗauka keke ne?"

Liatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta yunƙura za ta yi magana, Baba ya ɗaga mata hannu.

"Ni ne. Yaron nan ba shi da laifi, tarbiyya ce ta rufe masa baki. Na taɓa abin da ba a sa ni ba, kuma na zo in amsa." Ya gyara tsayuwa. "Amma tun da kun ce in faɗi abin da na gani, to ga shi. Baƙin mai cike yake a ƙasa, sama kuwa a bushe ƙamas. Man ba ya hawa. Na zura waya a hanyar da yake bi, ta tafi rabi ta tsaya. Ba datti ba ne, ƙarfe ne. Ba a huda ramin ya fita ba tun daga inda aka ƙera shi."

Manaja ya dubi Maitama.

"Kun duba wurin?"

Maitama ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, ai da muka ga fenti ya fashe..."

"Sati bakwai!" Luka ya miƙe zumbur. "Sati bakwai ina zarya, ashe ko buɗe ta ba ku yi ba?"

Aka turo motar, aka kwance. Liatu na zaune tana murza gefen gyalenta, tana addu'a a zuci, ba don motar ba, don kada a kunyata tsohon nan sau biyu.

Da Maitama ya ɗago daga cikin injin, wayar na hannunsa. Ya zo gaban Baba ya cire hula.

"Baba, a ina ka yi koyo?"

"Injin niƙa gare ni a Gozaki."

"To ka yafe mini bakina. Yadda ka faɗa, haka yake."

Manaja ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya ce kamfani ya ɗauki laifin, za a sa sabon inji kyauta. Luka ya fara washe baki, sai mutumin ya ƙara da cewa injin daga ƙasar waje zai taso, ta jirgin ruwa. Wata huɗu, in an yi sa'a.

Wata huɗu! Bikin kuwa saura sati uku. Duk wannan wahala, duk zubar da girman mahaifinta, ashe ba su kai ta ko'ina ba.

Suka fito bakin titi. Can Baba ya tsaya, ya juya wajen 'yarsa, don har yanzu ta bakinta yake yi wa Luka magana.

"Gaya masa, in yana so a jira motar, a jira. Ni zan je in yi wa dangi bayani. Ni na jawo."

Sai kuma ya ga abin bai ishe shi ba. Ya tattare babbar rigarsa, ya fuskanci Luka, ya fara sunkuyawa a nan bakin titi, gwiwarsa na neman ƙasa.

"Ɗana, ka yafe mini..."

"A'a, Baba! A'a!"

Luka ya riga shi kaiwa ƙasa. Ya zube a kan gwiwoyinsa, ya riƙe hannuwan tsohon gam ya hana shi sauka, hawaye na zuba ba ko kunyar masu wucewa.

"Kada ka yi mini haka, Baba! Ni ne mai laifi. Na yi shiru inda ya kamata in yi magana, na zo kuma na huce a kan Liatu. Ranar da aka sa tana nan. Ko a ƙafa ne, zan zo in ɗauki matata!"

Ya juyo da jajayen idanu wajenta.

"Masoyiyata... in har kina so na har yanzu."

Liatu ta so ta ja masa rai, ko na minti ɗaya ne, don ya ɗanɗana. Ta kasa. Kuka ya ƙwace mata, ta rufe fuska da gyale tana gyaɗa kai.

"Abokan naka fa?" ta ce cikin shessheƙa.

"Su yi ta dariya har su gaji."

A ranar da aka sa aka ɗaura auren. Da ƙafa amarya ta taka daga gidansu zuwa majami'a, mata na guɗa a bayanta, motar kuwa tana can Kaduna tana jiran jirgin ruwa. Da aka zo miƙa amarya, Baba Enoch ya kama hannun 'yarsa da hannun nan nasa mai kanta, ya sa shi cikin na Luka. Bai bi ta bakin kowa ba wannan karon, ya dubi angon ido cikin ido.

"Wannan ba ni da takardar da zan ba ka a kanta, ɗana. Amma duk ranar da wani abu ya dame ka, kada ka tsuguna ka yi mini shiru. Ka zo ka gaya wa ubanka."