Zuma a Hannun Akwati

Ranar zaɓen 'yan majalisar wakilai, ana dab da rufe rumfa a farfajiyar makarantar firamare, ƙudan zuma suka sauko wa layi kamar hadari. Kowa ya yi ta kansa. Da aka dawo, tebur na nan, tawada na nan, akwatin ƙuri'a ya yi ƙafa.

Sufeton 'yan sandan da aka turo dogo ne mai sanyin magana, irin mutanen nan da kan tsaya kallon tururuwa alhali ana jiransu. Ya tarar wakilan jam'iyyu sun yi wa Malama zobe, wato malamar makarantar da aka ɗora wa rumfar, suna cewa ita ta sayar da akwati. Fuskarta ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Daga sama kuma an ce in rana ta faɗi babu akwati, a soke ƙuri'un unguwar, a tsare ta.

Ta gaya masa ita ma ta gudu, sai ta tuna amanar a wuyanta take, ta koma cikin ƙudan, ta iske wayam.

"Saje, ba ta kujera," in ji Sufeto ga ɗan sandan da ya rako shi. "Mai sayar da akwati ba ya komawa cikin harbi nemansa."

A bayan katanga ya tsinci amya a fashe, wato kwandon da ake kiwon zuma a ciki, da tsumma mai rabin ƙuna. Ya ɗaga kai. Babu bishiya ko ɗaya a wurin. Ke nan kawo ta aka yi.

Wakilin da ya fi kowa baki ya rantse yana wurin har ƙarshe, ga filasta a goshinsa shaida. Sufeto ya ɓare filastar a hankali, sai ga fata sumul.

"Ina ka shiga?"

"Bayi, ranka ya daɗe. Don Allah kada jam'iyya ta ji."

Mutum ɗaya ne ke kiwon zuma a unguwar, wani dattijo da ake kira Kawu, yayan mahaifiyar ɗaya daga cikin 'yan takara. Da aka kirawo shi ya ce tun asuba yana lambu, amyar ma sace masa aka yi.

"Tawadar yatsanka fa, Kawu? A lambu ake shafawa?"

Ya ce ai ya leƙo ya jefa tasa, ya koma. Sufeto ya ba shi hannu suka gaisa, ya ce ya ɗan jira.

Hannun Sufeto ya dawo da danƙo da warin hayaƙi. Bai goge ba. Ya tsaya tsakiyar fili ya ɗaga shi sama kamar mai jiran ruwa, har Saje ya fara jin kunyar jama'a. Can sai ƙudan zuma guda ya sauka a tafinsa, ya lasa, ya tashi. Sufeto ya bi shi da ido. Abin al'ajabi, 'yan'uwansa duk hanya ɗaya suke bi, ta fasasshiyar tagar ɗakin da ake jibge karyayyun bencina.

Akwatin na can ƙarƙashin benci, hatiminsa bai motsa ba. Hannayensa biyu sun yi baƙi ƙirin da ƙuda, suna lasar zumar da ɓarawon ya bari.

Babu mai iya matsawa, rana kuma ta yi ja. Sufeto ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce Saje ya kawo maganin feshi a kashe su duka.

Kawu ya ratso mutane ya tare ƙofa.

"Kada ku kashe min su, ɗana. Ba su san zaɓe ba. Ni na kawo su."

Ya ce a layi ya ji ana raɗa ɗan ƙanwarsa zai sha ƙasa a rumfar ƙofar gidansu, ya kasa tunanin fuskar uwar. Yaron bai san komai ba.

Saje ya zaro ankwa, Sufeto ya riƙe hannunsa. Ya jira har dattijon ya kunna tsumma, ya lallashi ƙudansa cikin wani kwando yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, ya ɗauko akwati ya ajiye gaban Malama. Sannan Kawu ya miƙa hannayensa da kansa.

Ana tafiya da shi, Malama ta karya hatimi a gaban wakilan. Ta ɗaga ƙuri'ar farko sama, ta karanta ta da ido ɗaya.