'Yan Cikon Takarda

Duk wanda ya ce muku talauci ne ya kashe kulob ɗin Bayan Tasha, ku bar shi ya gama, sannan ku tambaye shi ina yake ranar wasan ƙarshe. Za ku ga ya kama duba agogo.

Makanikai da masu faci ne suka kafa kulob ɗin, a filin da ke bayan tashar mota. Shekara ashirin da biyu yana rukuni na uku, bai hau ba, bai sauka ba. Amma an yi maza a cikinsa. An yi Makulli, golan da ya taɓa kama fenareti yana tsakiyar atishawa. An yi Ƙafar Hagu, wanda ya buga wata ƙwallo ta tsallake raga ta fasa gilashin motar surukinsa, har aka ɗaga bikinsa wata uku. Duk sun tsufa sun koma ƙarƙashin mota da sifana, ba wanda ya ajiye ko keke.

Sai kulob ya faɗo hannun wani mai sayar da tsofaffin tayoyi, wanda tun ranar ya hana kowa kiransa da wani suna sai Ciyaman, har matarsa. Mutum ne mai hannu a rufe da ido a buɗe. Ya ga mai kulob ɗin tsallaken gada ya sayar da ɗan wasa ɗaya tak ya tayar da bene, abin ya tsaya masa a wuya. Ranar wata Talata da tsakar rana ya ce zai je duba kaya, ya ɗauki leda baƙa ya fita.

Wurin wani boka ya nufa. Bokan yana zaune a wani tsohon ɗakin gasa bulo da aka daina aiki da shi. A waje rana kamar ta fasa kai, a ciki sanyi har ƙashi. Bango duk baƙin hayaƙi, an jera ƙahoni a gindinsa, kowanne an toshe bakinsa da jan ƙyalle. Akwai madubi da aka juya fuskarsa ga bango. A tsakiya tukunya ce cike da ruwa baƙi, ruwan yana motsi a hankali alhali ba iska. Ciyaman ya zazzage abin da aka ce ya kawo: ƙasar tsakiyar fili, zare daga ragar gola, da rigar kulob da ba a wanke ba.

Boka ya shinshina rigar ya jefa a tukunya. Ba ta yi iyo ba. Wani abu ya ja ta ƙasa.

"Ƙwallo gudu ce," in ji boka. "Gudu kuwa numfashi ne. Kana so yaranka su yi gudu ba gajiya. Da numfashin wa?"

"Akwai rago. In sa ne ma, a nemo."

"Ka taɓa ganin rago a takardar 'yan wasa? Kowace kaka mutum ɗaya, daga cikin takardar da kake kai wa hukuma."

Ciyaman dai ciniki a jininsa yake. "Ban da sha ɗayan farko. Su ne kayan sayarwata."

"Na bar maka."

"Ban da 'yan benci. In wani ya karye su zan saka."

"Kai ko a bakin kabari sai ka nemi ragi," boka ya ce, ba ya dariya. "To. Wanda ƙafarsa ba ta taka fili ba duk kakar. Daga ƙasan takarda zan fara, ina hawa."

Ciyaman ya sunkuyar da kai don kada a ga murmushinsa. Ga abin da ya sani: hukumar lig ba ta karɓar takarda sai da mutum ashirin da biyar, kowa da hotonsa. Bayan Tasha kuwa ba ta taɓa wuce 'yan wasa sha takwas ba. Sauran bakwai ciko ne. Sakataren kulob, ƙanin matarsa, shi ke ƙirƙiro sunaye ya yanko kawuna daga tsohuwar kalanda ya liƙa. Haka ake yi tun zamanin Makulli.

"Ka san mutanen ƙasan?" boka ya tambaya.

"Ko a hanya ban san su ba."

Boka ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tsaga masa babban yatsa, ya ɗiga jinin a ƙasar filin, ya cuɗa da ruwan tukunya, ya ɗura a ƙaho. "Ka binne a inda ake ɗora ƙwallo a fara wasa. Kada ka dawo ka ce ban tambaye ka ba."

Ciyaman ya fito yana jin ya cuci aljani.

Kakar nan Bayan Tasha ta zama abin tsoro. Yaran da da suke yin lilis kafin a tafi hutun rabin lokaci, yanzu a gama wasa rigunansu a bushe. Wani siririn yaro mai wankin mota, da ake ce wa Guguwa, ya ci ƙwallo talatin da ɗaya. Manyan kulob suka fara aiko mutane masu baƙin tabarau. Aka sayar da biyu, aka sayar da uku. Ciyaman ya rushe gidansa ya tayar da bene da ya ɗara na tsallaken gada da hawa ɗaya, don dai magana ta fita. Mutane suka fara ƙus-ƙus, shi kuma ya fara zargin kowa. Ya kori mai ba da ruwa, ya kori mai yanke ciyawa don ya cika tsayawa a tsakiyar fili.

A cikin gidan akwai ƙaninsa, tela, mutumin da ko ƙwallon tsumma bai taɓa bugawa ba. Duk Asabar da ƙarfe huɗu, daidai lokacin da ake hura usur a fili, sai gumi ya karyo masa a kan keken ɗinki. Ya yi ta haki kamar wanda aka biyo, sai wajen shida ya lafa. Aka ce zazzaɓi ne mai zuwa da lokaci. Ranar wasan ƙarshe, ana can ana kiɗa an hau rukuni na biyu, aka same shi kife a kan keke, ƙwaurinsa biyu sun kumbura sun yi tauri kamar icce. Likita ya ce zuciya ce. Ciyaman ya yi kuka sosai, kuma kukan gaskiya ne, don bai kawo komai a ransa ba.

Kaka ta biyu abin ya koma kan babban ɗansa, mai aiki a kantin magani. Shi bai mutu ba. Ranar rufe kaka ya fito tsakar gida a guje, hannu a sama, yana cewa a ba shi, ba kowa a kansa. Ya zagaya gidan har tafin ƙafarsa ya fashe. Aka sa shi a ɗakin baya aka sa kwaɗo. Ciyaman ya ce mutanen tsallaken gada ne suka yi masa jifa, har ya daina amsa gaisuwarsu.

Matarsa kuwa ta fara kallon agogo. A kaka ta uku, saura wasa ɗaya, ta tare shi a bakin matakala.

"Baban yara, me ya haɗa 'ya'yana da ƙwallonka?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Auta. Wata nawa ina shanya rigarsa duk Asabar. Ƙarfe huɗu yake farawa, kamar kawunsa, kamar yayansa. In kun tafi hutun rabin lokaci shi ma ya samu ya sha ruwa. Na kunna rediyo na gwada, ba sau ɗaya ba."

Auta shi ne ɗan da ya rage musu, mai gyaran waya, ɗan lukuti mai tabarau, an kusa sa masa ranar aure.

"Kin fara jin maganar mata."

"To ka tambayi ƙanina me ya yi da hotunan da ya karɓa a gwangwanina."

Ciyaman bai tsaya sa hula ba. A ofishin kulob ya fizge durowa ya zaro takardar da bai taɓa karantawa ba, sa hannu kawai yake yi a shafin farko. Ya buɗe shafin ƙarshe. Na ashirin da biyar, ƙaninsa. Na ashirin da huɗu, babban ɗansa. Na ashirin da uku, Auta, yana murmushi da tabarau.

"Wa ya aike ka?" ya shaƙo wuyan Sakatare. "Nawa suka ba ka?"

"Su wa? Yaya, sake ni in yi bayani. Shekara uku ke nan hukuma ta daina karɓar hoton kalanda, sai hoton gaske da takardar haihuwa. Na gaya maka, ka ce in yi yadda na saba, kada in dame ka. Ina zan samo mutum bakwai? Na je gida na cike da 'yan uwa. Ni kaina ina ciki, duba na sha tara. Marigayi ma ban cire shi ba, wa ke dubawa?" Ya gyara wuyan rigarsa, ya ƙura wa Ciyaman ido. "Me ya sa hoto ya tayar maka da hankali haka?"

"A cire Auta. Yau."

"An rufe rajista tun tsakiyar kaka."

Ciyaman ya koma ɗakin bulo da ƙafarsa. Boka yana zaune inda ya bar shi, kamar bai taɓa tashi ba.

"Na tambaye ka," in ji boka.

"Ka ɗauki wani. Ka tsallake shi."

"Ba na tsallake. Amma maganarmu tana nan yadda ka yi cinikinta. Wanda bai taka fili ba. Ka sa shi ya buga, ko minti ɗaya ne, ya fita daga hannuna." Ya juya ruwan tukunya da yatsa. "Sai dai lokacin da ƙafarsa ta shiga, abin da na ba ka ya fita. Yaranka su koma yadda ka same su."

Wasan ƙarshen kuwa shi ne na hawa rukuni na ɗaya. Sai sun ci. Kunnen doki ba ya kai su.

Ranar wasan, Koci ya kalli Auta cikin riga mai lamba ashirin da uku, cikinsa ya turo ta gaba. "Ciyaman, wannan ko igiyar takalmi sai an ɗaure masa."

"Ka ajiye masa canji ɗaya. In na ɗaga hannu ka sa shi."

Matarsa, da ba ta taɓa zuwa fili ba, ta zo ta tsaya a bayan wayar shinge, daidai bayan benci. Ana hura usur ta ce, "Sa shi yanzu."

"Bari wasa ya ɗan zauna."

Minti ashirin, Auta ya jiƙe sharkaf yana zaune. Aka tafi hutu ba ci.

"Baban yara."

"Ɗaya kawai za mu ci. Muna ci zai shiga, na rantse miki."

Aka dawo. Guguwa ya buga ta daki ƙarfe. Ya sake bugawa gola ya ture. Auta ya cire tabarau yana goge su. "Baba, ƙirjina kamar ana taka shi."

"Yi haƙuri, ɗana. Yanzun nan."

Saura minti uku Guguwa ya sa kai ta shiga. Fili ya ɗauka. Maimakon ya ɗaga hannu nan take, Ciyaman ya tsaya lissafi: in abin ya fita yanzu, yaran za su iya riƙe minti uku? Ya bari aka ɗora ƙwallo aka ci gaba. Da ya rage minti ɗaya ya ɗaga hannu. Koci ya kamo Auta ya kai shi bakin farin layi, mai allo ya ɗaga lamba.

To, ku da ba ku san ƙwallo ba, ba a canji sai ƙwallo ta fita ko an tsayar da wasa. Ƙwallo kuwa ta ƙi fita. Yaran Bayan Tasha, da ba sa gajiya, suka kama ba juna ita, daga wannan sai wancan, 'yan kallo suna ƙirga musu. Ciyaman ya yi ta ihu a buga ta waje. Wa zai ji shi? Wanda ya hango shi ma ɗaga masa yatsa ya yi, ya zaci murna yake.

Ciyaman ya ruga ya tsaya a bayan ɗansa. Tsakanin takalmin Auta da layi bai kai taki ɗaya ba. Ya ɗora tafin hannunsa a bayan yaron, yana jin zuciyarsa tana dukan hannun.

"Tura shi," matarsa ta ce daga bayan waya. "Tura shi ciki."

Turawa ɗaya ce. Amma ga wakilan ɗaya kulob ɗin nan tsaye da takarda da biro. Mutum sha biyu a fili, za su kai ƙara, a ƙwace makin. Ciyaman ya kalli alƙalin wasa, ya ga bai kai usur baki ba tukuna. Ya ce a ransa, yanzu ƙwallon za ta fita.

Alƙali ya hura.

Jama'a suka ɓarke cikin fili suka ɗaga Guguwa sama. Auta ya zauna a hankali, a wajen layi, ya kwanta a kan ƙafafun ubansa. Takalmansa sababbi fil, ko ciyawa ba su taɓa ba.

Bayan Tasha ba ta buga ko wasa ɗaya a rukuni na ɗaya ba. Sakatare ya ba da labarin a wajen zaman makoki, kuma daga ranar ba uwar da ta yarda a rubuta sunan ɗanta a takardar. Yaran da aka sayar aka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyi sun lalace. Matar Ciyaman ta buɗe ɗakin baya ta kama hannun babban ɗanta suka bar gidan. Benen yana nan, jemagu ne a ciki.

Ciyaman yana bakin titin tasha har yau, ba takalmi. In kun tsaya za ku tsallaka, ku duba bayanku, don yakan lallaɓo ya dafa bayan mutum ya tura shi gaba yana cewa, "Shiga, shiga." Sau biyu mota ta kusa take mutane, an yi masa duka har an gaji.

Ku masu zuwa ɗakunan duhu neman arzikin dare ɗaya, ku ji da kyau. Kowannenku yana shiga ne da tunanin ɗan wani za a taɓa, kuma in abin ya zo kan nasa zai san ya tsaya. Wannan ma haka ya zata. An ba shi minti casa'in cur ya ceci ɗansa, hannunsa a bayan yaron, kwaɗayi ya riƙe hannun. Kada ku ce ku kun fi shi son 'ya'yanku.