Wejin Milorad

Magariba ta kawo jiki, tayar tirelar kwanan da Milorad ke ja da motarsa ta fashe a gangare. Ya rasa weji, sai ya ciro dutse daga gindin allon tunawa mai ɗauke da hoton wani da haɗari ya kashe a wurin, ya tokare ɗayar tayar.

"Milorad, bar kayan matattu," in ji matarsa Zorka, tana waige-waige.

"Matattu ne za su canza mana taya?"

Yana kwance a ƙarƙashin tirelar yana gyara zaman jak, ya ji ƙaurin kyandir. Takalma biyu suka tsaya kusa da kansa, ciyawa ko lanƙwasawa ba ta yi ba.

"Maƙwabci, matashin kaina ka ɗauka."

Milorad ya leƙo. Mutumin hoton allon ne, hannunsa kuwa ya riga ya kama dutsen.